Ungozomar Nono: Aikin da Munka Raina

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai wata sana'a a duniya da mai yin ta ba ta da aiki tun safe har marece sai taimaka wa uwa ta shayar da jaririnta. Ana karatunta, ana zama jarrabawarta, ana karɓar albashi a kanta ƙarshen wata. Da Faransanci ana ce wa mai ita consultante en lactation. Mu nan ko suna ba mu raɗa mata ba. In ka kawo zancenta a fada ko a ɗakin kwanan ɗalibai, har cikin masu karatun infirmiye da sajfam, dariya ce za ta fara tarbarka: "Mi? A koya ma mace ba da nono? Ita akuya wa ya koya mata?"

To bari in fara da akuyar. Akuya ba ta matse nonon farko ta zubar a ƙasa. Ba ta ɗura wa ɗanta ruwan rijiya ranar da ya faɗo. Ba ta jin kunyar ɗan fari, ba ta da uwar miji, kuma ba a taɓa tallata mata madarar gwangwani ba. Mace a Tajaye kuwa tana iya gamuwa da duk waɗannan tun kafin ranar suna. Maganata cikin wannan ɗan rubutu guda ce: ƙasarmu ta fi ƙasashen da sunka ƙirƙiro wannan sana'a bukatarta, ya kamata ƴan makarantun kiwon lafiya su neme ta da gangan, kuma ba za ta tsinana komai ba sai an yi ta da harshen da uwar ta sha a nono.

Kusan kowace uwa a Nijar tana shayarwa, kuma tana daɗewa tana yi, shekara da rabi ko fiye. Wannan ne ya sa muke zaton babu matsala. Amma babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin jarirai 100 da ba su cika wata shida ba, 23 ne kaɗai ke shan nonon uwa zalla. A na 2006 kusan 14 ne. Sauran duk ana haɗa masu da ruwa, ko bauri, ko nonon akuya, ko kunu. A Kintampo ta ƙasar Gana an bi jarirai sama da dubu goma, sakamakon da anka fitar a 2006 ya ce da za a sa kowane jariri a nono cikin awar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar watan farko. Mujallar likitoci ta Lancet kuma ta ƙiyasta a 2016 cewa shayarwa yadda ya kamata za ta iya tsare rayukan yara 823,000 duk shekara a duniya. Da allura ce ke yin wannan aiki, da mun ga jerin motoci suna kai ta ƙauye-ƙauye. Da yake nono ne, kuma kyauta yake, sai munka ce ai kowa ya iya.

Mi wannan ma'aikaciya take yi?

Ku ɗauki yarinya mai haihuwar fari, ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Kwana uku da sauka, nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, kan nonon ya tsage, duk lokacin da jariri ya kama sai ta cije leɓe. Jaririn yana tsotso yana saki yana kuka. Tsofaffin gida sun taru, hukunci ya fito: nonon ba shi da kyau, a ba yaro na akuya kafin a wanke nata.

Wadda ta san aikin, in ta shigo, ba ta buɗe jakar magani ba tukuna. Zama za ta yi a tabarma ta ce, "Ɗiyata, ba shi in gani." Abu huɗu take dubawa: ko bakin yaron ya buɗe sosai, ko leɓensa na ƙasa ya juyo waje, ko haɓarsa ta taɓa nonon, da ko baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. In yaro kan nonon kaɗai ya kama, tamkar mai shan lemo da bututun da anka matse ne: yana wahala, abin da ke fita kaɗan ne, uwa kuma tana jin ciwo. Sai a ɗan tatse nonon da hannu ya yi laushi, a juyo cikin yaron ya manne da cikin uwa, kansa da jikinsa su miƙe, a jira ya hangame baki sannan a kawo shi ga nono. Sau da yawa a nan take uwa za ta ce zafin ya ragu.

Sannan ta san yadda jiki ke aiki. Nono ba randa ba ce da ake cikawa sau ɗaya, ya fi kama da rijiya: gwargwadon jan da anka yi, gwargwadon ruwan da ke tsattsafowa. Tsotson yaro ne ke sa jikin uwa ya saki sinadaran da ke haɗa nono su kuma tunkuɗo shi. In an cika cikin yaro da ruwa, tsotso ya ragu, nono ya ragu, uwa ta ce "nonona ba ya isa tai", a ƙara masa wani abu, zawo ya shigo, nauyi ya zube. Tamowar da muke gani a wata na takwas, sau tari a mako na farko anka shuka ta. Gwanar shayarwa ta san jariri na bukatar nono sau takwas zuwa sha biyu dare da rana, ta san fitsari sau shida ko fiye a wuni alama ce ta ƙoshi. Ta san abin da za a yi wa bakwaini da ba ya iya tsotso, da tagwaye, da uwar da anka yi wa aiki, da wadda nononta ya yi ƙurji, da wadda ke shan maganin sida. Ta kuma san ranar da abin ya fi ƙarfinta, ta tura ga likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Wannan ilimi ne, kuma duniya ta ɗauke shi ilimi. A 1985 anka kafa hukumar da ke ba da babbar shaidarsa, wadda ake kira IBCLC, a Amurka. Kafin ka zauna jarrabawar sai kana ma'aikacin lafiya ko ka yi darussan kimiyyar lafiya 14, ka yi awa 95 na karatun shayarwa, ka kuma yi awa 300, ko 500, ko 1000 gaban uwa da jariri, gwargwadon hanyar da ka biyo. Duk shekara biyar sai ka sabunta. Cikin awa 95 ɗin nan, biyar an ware su ne don koyon magana da uwa. Ni da nake karatun ilimin harsuna, a nan na tsaya. Awa biyar? A wurinmu maganar ita ce rabin aikin, in ma ba ta fi ba.

Inda kalma ke kashe yaro

A Hausa kalmar nono tana ɗauke da kaya uku: gaɓar jikin mace, abin da ke fita daga cikinta, da kuma mai tsamin nan na shanu da ake dama fura da shi. Ma'aikaci ya tambayi uwa, "Mi kike ba shi?" Ta ce, "Nono." Ya rubuta allaitement exclusif a rajista. Wane nonon? Bai tambaya ba. Ya sake cewa, "Ba ki ba shi wani abinci?" Ta ce, "Wallahi ko kaɗan." Kuma gaskiya ta faɗa. Ruwa ba abinci ba ne a Hausa. Bauri magani ne. Rubutu tsari ne. Duk sun shiga cikin yaron da safe, amma ba ɗaya da ya faɗo ƙarƙashin kalmar da anka tambaye ta. Daga baya in yaro ya kwanta, sai a ce matan ƙauye maƙaryata ne. Ba ta yi ƙarya ba, tambayar ce gurguwa.

Ku dubi zancen ruwa da kyau, don shi ne babban gidan matsalar, har a 2019 UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya sunka ƙaddamar da kamfe a Abijan musamman a kan daina ba jarirai ruwa a yankinmu na Afirka. In an haihu mi muke cewa? "Mun yi baƙo." Kuma mi ake fara ba baƙo a ƙasar Adar? Ruwa. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, kai kanka kana shan ruwa kamar raƙumi, sai wata yarinya mai farar riga ta zo ta ce wa tsohuwa kar a ba baƙon gida ruwa. Tsohuwar ba ta ji shawarar likita ba, rashin tarbiyya da rashin imani ta ji. Za ta ce "to", don ba a musu da mai farar riga, ta koma gida ta ɗauko moɗa.

Alhali amsar tana cikin bakinmu tuntuni. Ƙaƙa muke kiran abin da ke fita daga nonon uwa? Ruwan nono. Kakanninmu ne sunka raɗa masa wannan suna, kimiyya kuma ta zo ta tabbatar: kusan kashi 88 cikin 100 nasa ruwa ne. Wanda ke fara zubowa a farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, mai kaurin da ke ƙosarwa yana biyo baya. Saboda haka wadda ta san aikinta ba za ta ce "kar ku ba shi ruwa" ba. Za ta ce, "Inna, baƙonku ya sha ruwa mana, amma ruwansa na jikin uwarsa, Allah ya riga ya tace masa. Ku cika mata moɗa ita ta sha, shi ya sha daga gare ta. In zafi ya yi yawa a ƙara sa shi a nono." Saƙon ɗaya ne da na afishin da ke manne a bango. Bambancin, wannan bai zagi kowa ba, kuma ya bar wa tsohuwa moɗarta a hannu.

Ga wata kuma. Madara a Hausa na nufin abu tsantsa wanda ba a surka ba, shi ya sa muke cewa madarar turare. To wa ya gaji wannan kyakkyawan suna? Garin gwangwani. Nonon uwa yana raba suna da mai tsami, na kanti ya tafi da sunan tsarki. Ba na cewa wani ne ya ƙulla hakan, amma ɗan kasuwa bai taɓa samun talla kyauta irin wannan ba. Jaririn da ba ya shan nonon uwa yana bukatar kimanin kilo 20 na garin a wata shida na farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. Wane manomi ne a Tajaye zai iya? Abin da ke faruwa, ana rage cokali ana ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, ruwan ba a tafasa ba don icce ya yi tsada, bibiron kuma ƙuda na bin sa. Tun 1939 wata likita ƴar Jamaika, Cicely Williams, ta tsaya a Singafo ta kira tallan irin wannan madara ga matalauta kisan kai. A 1977 anka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a kan wannan batu, a 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar da ta hana tallata wa iyaye mata abin maye gurbin nono. Ƙa'ida tana takarda. Wanda zai tsaya tsakanin uwa da gwangwani a ƙauye mutum ne, kuma ba mu ɗauke shi aiki ba.

Dakashi fa, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa? A gidaje da yawa ana matse shi a zubar, wai datti ne, a riƙe yaro da ruwan sukari ko nonon akuya har "na kirki" ya zo. Dakashi kaɗan ne, gaskiya, amma cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, kuma a cikin wannan kaɗan ɗin ne garkuwar jikin uwa ke ratsowa zuwa gare shi. Ba sai an kawo wa mutanen Tajaye littafi ba. Mu makiyaya ne da maƙwabtan makiyaya. Tambayi duk mai tumaki abin da ke samun ɗan tunkiyar da bai sha dakashi ba. Ya sani sarai. Ba a dai taɓa zama da shi an haɗa masa wannan da jikansa ba.

Haka kaikai, ciwon da ake cewa yana ɓata nono. A tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu nono ya lalace. Tururuwa ko a shayi ta faɗa mutuwa take. Amma in ka yi wa tsohuwa wannan dariyar ka rasa ta har abada. Sai ka tambaye ta mi ta gani har ta yi zargin kaikai. Za ta ce yaro na kuka, ba ya ƙiba, uwa na jin zafi. Alamun gaskiya ne, ta lura da kyau, fassarar ce ta kauce. Waɗannan su ne alamun mugun kamu da munka faɗa a sama.

Ita Cicely Williams ɗin nan, ai da kunne ta yi suna. A Akara ta ga wata cuta da likitocin Turawa ke ruɗawa da wata daban. Ta saurari mutanen Ga, ta ji suna da sunanta, kwashiorkor, ciwon da ke kama yaro in an haifi ƙanensa. A 1935 ta shigar da kalmar cikin rubutun likitanci, yau duniya duka da ita take amfani. Mu ma muna da tamu. In mace ta yi ciki tana goyo, muna cewa yaro ya sha ciki, a yaye shi rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Yaron ya rame, a ce ka gani, nonon ciki ne. Yayen dare ɗaya ne ya kada shi, da rabuwa da uwa, da komawa kan fura tsurarta. Mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ciki. Wa zai faɗa mata, da wace kalma, a gaban wa? Aikin ke nan.

Sai kunyar ɗan fari. Yarinya ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa gaban mutane, in za ta ba shi nono sai ta kau da kai kamar an tilasta ta. Al'ada ce, ba na zaginta. Amma gyaran kamu sai da kallo. Wadda ta koyi aikin a littafin Faransanci kaɗai za ta rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba. Wadda ta san gida za ta ce wa jama'a su ɗan ba su wuri, ta saki labule, sannan ta ce, "Yanzu ba kowa, dube shi."

Ihu bayan hari

Kowa a nan ya ji labarin 2005, ko da yana goye a lokacin. A shekarar nan ƙungiyar MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawa a jihar Maraɗi. Daga nan cibiyoyin CRENI da CRENAS sunka bazu, ledar gyaɗar nan ta Plumpy'Nut ta zama sananniya har ana haɗa ta a Yamai. A 2006 gwamnatin Tandja Mamadu ta sa maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar ya zama kyauta. Duk wannan ya ceci rayuka, wanda ya musa bai taɓa ganin yaron da ya tashi daga kan gadon CRENI ba.

Amma ku lura da inda kuɗi da daraja sunka taru: a ƙarshen hanya, bayan yaro ya riga ya zube. Katon ana ƙirga shi, a sa a rahoto, a ɗauki hoto. Rabin awar da ma'aikaciya ta yi zaune a tabarma har yaro ya kama nono daidai ba ta da layi a rahoto. Yaron da bai kamu da tamowa ba, ba wanda ya san da shi. Abin ban haushi, jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi Plumpy'Nut. In an kawo shi CRENI, maganinsa shi ne a maido da nonon uwarsa: a manna siririn bututu a kan nono, yana tsotso madarar jinya na shiga, tsotson kuma na tada nonon da ya kwanta. Ashe ana bukatar gwanar. Mun dai aje ta a bakin kabari maimakon ɗakin haihuwa.

Na taɓa raka matar yayana awo a wata likita ta yankinmu. Sajfam ɗaya ce, mata sun fi ƙarfin inuwar da ke wurin, ga mai naƙuda a ciki. Zancen shayarwa gaba ɗaya jimla ɗaya ce da ta ɗaga murya ta jefa wa layi: "Nono zalla har wata shida, kun ji ko?" Mata sunka amsa, "Mun ji." Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta. Laifin na tsarin da ya ɗora wannan aiki a kan kowa ne, ya zama ba na kowa ba. Sai makon farko na Agusta ya zo, makon shayarwa na duniya, a buga riguna, a yi jawabi, a watse.

Mu ma ɗalibai da namu. In ka tambayi mai karatun infirmiye burinsa, puroje ne, farar kat-kat da perdiyam. Ban ce kowa ya ƙi kuɗi ba, duk gidajenmu jira suke. Amma in dukanmu munka tsaya a inda ake ɗaukar gawa, wa zai tare hanya?

Masu cewa

Wani zai ce uwar da ba ta ci ba, da mi za ta shayar? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai jikin mace na ci gaba da yin nono ko da abincinta ya yi ƙaranci, daga jikinta yake ɗiba, sai in yunwar ta yi tsanani ƙwarai. Ita ce ke ƙarewa. Don haka maganin shi ne a ciyar da uwa, ita ta ciyar da ɗa. Kuɗin gwangwani ɗaya in an sayi gero da wake da ƙuli-ƙuli da zogale, mutum biyu ne sunka ci. A kuma rage mata daka da rijiya da icce. Kwana arba'in na jego da al'ada ta ba ta hutu ne mai kyau, a riƙe shi. Yawan kunun kanwa da gashin wuta ne abin tsoro, tun shekarun 1970 likitocin Zariya sunka danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai iya raba wanga da wancan ba tare da ta rushe duka ba, ita muke nema.

Wani zai ce ai mu ma da ruwa da bauri anka rene mu, ga mu garau. Waɗanda ba su rayu ba ba su zo fada sun ba da nasu labari ba. Tambayi kakarka nawa ta haifa, nawa sunka girma. Amma kar wannan ya zama sandar dukan tsofaffi. A Adar maza na tafiya cin rani, Abijan, Legas, Libiya, wani sai ya yi shekara biyu. Gida na hannun uwar miji. Duk shawarar da ba ta bi ta kanta ba, a bakin ƙofar likita take mutuwa. Samarin da ke wannan karatu kuma, in kunya ta hana ku shiga bayan labule, majalisar maza na jiranku. Makarantar mazaje da anka fara a jihar Damagaram ta nuna maza na saurare in namiji ɗan'uwansu ya yi masu magana.

Wani zai ce wannan dipulom ɗin masu kuɗi ne, na matan birnin Turai. In IBCLC ake nufi, akwai ƙamshin gaskiya: kuɗin jarrabawa da dala ne, ana yin ta da Faransanci amma babu Hausa. Wanda ya samu hali ya yi ta, muna bukatar masu koyar da masu koyarwa. Sauran ba sai mun jira ba. Tun 1991 akwai tsarin asibiti mai ƙaunar jarirai da matakansa goma, tun 1993 akwai kwas na awa 40 na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kan ba da shawarar shayarwa. Wurin istaj ma bai ƙare mana ba, daga asibitin Galmi da ke aiki tun 1950 zuwa cibiyar uwa da yaro ta Tawa. Kuma ɗaukar shayarwa aiki mai lada ba baƙon abu ba ne gare mu. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta yi zancen shekara biyu, ta yi zancen ciyar da mai shayarwa da biyan wadda anka ɗauka ta shayar. Kowane yaro ya san sunan Halimatu Sa'adiyya.

Wani kuma zai ce, ke wace ce? Ba ki haihu ba, ba ki karanta likitanci ba. Haka ne. Ban ce zan gyara kamun yaro ba. Kalma ce sana'ata, kuma na nuna maku inda kalma ke yoyo.

Abin da nake nema

Na farko suna. Aikin da ba shi da suna ba shi da layi a kasafin kuɗi. "Mai ba da shawara kan shayarwa" Hausar rediyo ce, ba tsohuwar da za ta aiki yaro ya kira mata wannan. "Malama" tsaye take tana wa'azi. Ni na zaɓi ungozomar nono. Ungozoma kowa ya san ta, tana shiga har ƙuryar ɗaki, tana zama a ƙasa, kuma ana aika mata da tsakar dare ba a jin nauyi. Wanda ke da mafi wannan ya kawo, mu yi gardama a fitowa ta gaba.

Na biyu, makarantun ENSP na Yamai da Damagaram su buɗe wannan fanni ga infirmiye da sajfam da sunka gama, da shaidarsa da matsayinsa a aikin gwamnati, yadda wadda ta zaɓe shi ba za ta ji ta koma baya ba. A fara da mutum ɗaya a ɗakin haihuwa na Illela, ɗaya a Konni, ɗaya a Malbaza, wadda ba za a janye ta zuwa allura ko rajista ba, ita kuma ta horar da matron da matan ƙauyuka. A yi jarrabawar aikin da baki, gaban uwa ta gaske, da Hausa. A wuri irin Tajaye, inda Hausa da Tamajak ke kwana gari ɗaya, a nemi mai jin duka biyun. Tun Maris 2025 kundin Refondation ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To ta shiga ɗakin haihuwa, don can ne ɗan ƙasa ke fara jin ta.

Na uku namu ne, mu ƴan ilimin harsuna. Hutun nan mai zuwa kowa ya tafi gida da kaye da biro. Ka zauna da kakarka, da ungozomar unguwarku, ka rubuta duk kalmar da suke da ita kan nono da jego da yaye da ciwon jarirai, da yadda suke sa ta cikin magana, da abin da suke yi in sun faɗe ta. Kar ka gyara masu, kar ka yi dariya, ka rubuta sunan garin kawai. In mun dawo mu haɗa na Adar da na Gobir da na Arewa da na Damagaram, mu kai wa ƴan'uwanmu masu karatun sajfam su zauna da mu, su faɗa mana abin da ke bayan kowace kalma a jikin mutum. Injin da ya buga wannan ɗan littafi zai iya buga wancan. Ni na fara nawa, ina da kalma goma sha ɗaya daga bakin innata.